GYARA KAYANKA KO SAUKE MU RABA? BAYANI A KAN RIKICIN MULKI CIKIN IKKILISIYAR METODIS

Karatunmu: Ayyukan Manzanni sura 15, Farawa 13:1-12.

 

Yau ina so in yi bayani a kan wani al'amari da ya dami masu bi da yawa, musamman a Jihar Taraba da maƙwabtanta. Tun daga shekara ta 2024, a garuruwa da ƙauyuka da dama, mutanen da dā suke sujada a ƙarƙashin rufi ɗaya sun rabu kashi biyu. Waɗansu suna amsa sunan UMC, wato Haɗaɗɗiyar Ikkilisiyar Metodis. Waɗansu kuwa suna amsa sunan GMC, wato Ikkilisiyar Metodis ta Duniya. Littafi Mai Tsarki ɗaya suke karantawa, waƙoƙi iri ɗaya suke rerawa, sau da yawa ma kakansu ɗaya ne. Idan ka tambayi shugabannin ɓangarorin nan biyu a Nijeriya mene ne aure, amsa ɗaya za su ba ka, cewa aure tsakanin namiji da mace ne. To, ashe, me ya raba su?

Abin da ya raba su batun mulki ne. Wa ke da ikon yanke magana cikin ikkilisiya? Maganar da aka yanke, wa da wa ta ɗaure? Gini da fili da makaranta, na wane ne? Ko da kai ba ɗan Metodis ba ne, ɗan'uwana, kada ka ce ba ruwanka. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kowace ɗarika tana da tsarin mulki, kowace kuma za ta iske ranar da wani zai miƙe ya ce a gyara shi.

IRIN MULKI UKU

Ikkilisiyoyin duniya suna bin ɗaya daga cikin hanyoyi uku, ko kuwa su gauraya su. Akwai mulkin bishop, inda mutum ɗaya yake lura da ikkilisiyoyin yanki, shi ne kuma yake naɗa fastoci, kamar yadda Katolika da Angilikan suke yi. Akwai mulkin dattawa, inda majalisar fastoci da dattawan da aka zaɓa take yanke magana, daga ƙaramar majalisa zuwa ta gunduma, har zuwa babbar majalisa. Akwai kuma mulkin jama'a, inda kowace majami'a take cin gashin kanta, ta kira fastonta, ta riƙe dukiyarta, kamar yadda aka sani wurin Baftis. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da ayoyin da yake dogara a kansu, gama Sabon Alkawari ya ambaci masu kula da ikkilisiya, ya ambaci dattawa, ya kuma nuna wuraren da dukan taron masu bi suka yi zaɓe.

Metodis sun ɗauki kaɗan daga nan, kaɗan daga can. Suna da bishop, amma bishop ba ya kafa doka. Taro ne yake kafa doka.

YADDA AKA GINA GIDAN METODIS

John Wesley limamin Ikkilisiyar Ingila ne, an haife shi a 1703, ya rasu a 1791. A shekara ta 1744 ya tara waɗansu masu wa'azi a Landan domin su shawarta abin da za su koyar da yadda za su yi aiki. Daga nan ne al'adar taro ta samo asali. A 1784 aka kafa ikkilisiyar Metodis ta Amurka a birnin Baltimo. Wesley ya aiko da umarni a sa Francis Asbury ya zama shugaba, amma Asbury ya ce ba zai karɓa ba sai masu wa'azi sun zaɓe shi da kansu. Suka kuwa zaɓe shi. Kun ga tun ran farko tambayar nan ta wa ke da iko tana cikin gidan.

UMC da muka sani an kafa ta a birnin Dalas a 1968, sa'ad da Ikkilisiyar Metodis ta haɗu da wata ɗarika da ake kira EUB. Ga yadda tsarinta yake. Majami'u suna ƙarƙashin gunduma. Gundumomi suna haɗuwa su zama Taron Shekara, inda fastoci da wakilan membobi suke zama daidai wa daida. Bisa dukansu akwai Babban Taro, wanda yake zama sau ɗaya cikin shekara huɗu, da wakilai tsakanin 600 da 1,000 daga dukan duniya, rabi fastoci, rabi membobi. Babban Taro kaɗai ke da ikon yin magana da sunan ɗarikar duka, shi ne kuma yake gyara littafin dokokin ikkilisiya. Bishop-bishop suna shugabantar zaman, amma ba su jefa ƙuri'a. Akwai kuma Majalisar Shari'a mai mutum 9, wadda take duba ko abin da aka yanke ya yi daidai da tsarin mulki.

Sai ku riƙe abu biyu, gama za mu komo kansu. Na ɗaya, dokar riƙon amana. Bisa ga wannan doka, wadda tushenta yake tun zamanin Wesley, jama'ar wuri suna riƙe da gini da fili ne amana domin ɗarikar duka. Ko da su suka yi bulo da hannunsu, ba za su fita da ginin ba sai da yardar ɗarika. Na biyu, ikkilisiyoyin da ke wajen Amurka, wato na Afirka da Turai da Filifin, kafin 2025 an tattara su cikin abin da ake kira Taron Tsakiya. An ba Taron Tsakiya izini ya sāke waɗansu sassa na littafin dokoki domin su dace da ƙasarsa. A wancan lokaci Amurka ba ta da irin wannan taro. Saboda haka kowace matsala ta Amurka sai a kawo ta Babban Taro, wakilin Kwango da na Nijeriya da na Filifin su jefa ƙuri'a a kanta.

WANNAN BA SHI NE NA FARI BA

Waiwaye adon tafiya. A 1792 wani mai wa'azi, James O'Kelly, ya kawo shawara cewa idan bishop ya tura fasto wurin da bai gamshe shi ba, a bar shi ya kai kuka gaban taro. Aka ƙi shawarar, ya fita da mutanensa. A 1830 waɗansu suka sāke fita domin an hana membobin da ba fastoci ba kujera a taro. A 1844 gardama ta tashi a kan wani bishop na kudancin Amurka, James Andrew, wanda yake da bayi. Babban Taro ya ce ya dakata da aiki muddin yana riƙe da su. Mutanen kudu suka ce taro ba shi da ikon yi wa bishop haka. Ikkilisiya ta tsage biyu, arewa da kudu, rabon dukiya kuma ya kai har kotun ƙoli ta Amurka. Ba su sāke haɗuwa ba sai 1939, bayan shekara 95.

Ku lura da wannan. A 1844 maganar bauta ce, wato batun zunubi da adalci, amma ta fito da rigar tsarin mulki. Haka yakan zama. Gardamar koyarwa takan koma gardamar iko, gardamar iko kuma takan koma gardamar dukiya.

YADDA BISHARAR TA ISO BAKIN BINUWAI

Yaya wannan gida na Amurka ya sami ɗaki a ƙasarmu? A 1906 wani mai bishara, Rabaran C. W. Guinter, ya zo tare da mishan ɗin SUM, ya yi aiki a Wukari. A 1923 aka buɗe tasha a Bambur, cikin ƙasar Wurkum. Ɗarikar da ta ɗauki nauyin aikin ita ce daga baya ta zama EUB, wadda ta shiga haɗin 1968. Ikkilisiyar da ta tsiro a nan an daɗe ana kiranta EKAS Lardin Muri. Cikin shekarun 1980 ta shiga ƙarƙashin UMC, a 1992 kuma aka zaɓi Rabaran Done Peter Dabale ya zama bishop na fari ɗan ƙasa, da hedkwata a Jalingo. Shigar nan ta kawo zumunci da taimako. Ta kuma sa duk abin da aka yanke a Babban Taro ya shafi mai bi na Bambur da na Zing.

TUSHEN GARDAMAR ZAMANINMU

A 1972 Babban Taro ya rubuta cikin ka'idodinsa cewa tarayyar namiji da namiji, ko mace da mace, ba ta dace da koyarwar Kirista ba. A 1984 aka ƙara doka ta hana naɗa mai irin wannan zama ya zama fasto. Tun daga nan kusan kowane Babban Taro sai an ta da maganar, kowane lokaci kuma dokar tana tsayawa.

Ana nan, sai lissafi ya juya. A 1968 membobin Amurka sun kai wajen miliyan 11, amma suka yi ta raguwa, ikkilisiyoyin Afirka kuwa suna ta ƙaruwa. Da yake ana raba kujerun Babban Taro bisa ga yawan jama'a, muryar Afirka ta yi ƙarfi. Amma kaso mafi yawa na kuɗin tafiyar da ɗarika daga Amurka yake fitowa. Masu ƙuri'a suna ƙaruwa a gefe guda, masu kuɗi suna wani gefen. Waɗansu tarurruka da bishop-bishop na Amurka kuma suka daina bin dokar a fili.

A watan Fabrairu 2019 aka kira Babban Taro na musamman a birnin Sen Luwis. Shirin da ya ƙarfafa tsohuwar doka ya ci da ƙuri'a 438, waɗanda suka ƙi 384. Amma tarurrukan shekara da yawa a Amurka suka ce ba za su bi ba. A nan ne masu riƙe da tsohuwar koyarwa suka fara tambaya, ina amfanin cin ƙuri'a idan babu mai sa a bi doka? Taron nan kuma ya buɗe wata ƙofa ta ɗan lokaci. Majami'ar da kashi biyu cikin uku na membobinta suka yarda, ta kuma biya abin da aka ɗora mata, tana iya fita da gininta. Kafin ƙofar ta rufe a ƙarshen 2023, majami'u fiye da 7,600 sun fita, wato wajen kashi ɗaya cikin huɗu na dukan majami'un UMC a Amurka. An fassara dokar cewa ta Amurka ce kaɗai. Na waje suna da wata hanya mai tsawo, wadda sai ta bi ta Taron Tsakiya da Babban Taro.

An yi ƙoƙarin rabuwa cikin salama. Bishop John Yambasu na Saliyo ya tara shugabannin ɓangarori, a Janairu 2020 suka fito da yarjejeniyar da za ta ba sabuwar ɗarika dala miliyan 25 ta kama hanyarta. Sai annobar korona ta sa aka ɗage Babban Taro. A watan Agusta na shekarar Bishop Yambasu ya rasu cikin haɗarin mota. Aka yi ta ɗagewa har yarjejeniyar ta mutu. Ran 1 ga Mayu 2022 waɗanda suka gaji da jira suka kafa GMC.

Da Babban Taro ya zauna a birnin Shalot daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu 2024, masu riƙe da tsohuwar koyarwa na Amurka da yawa sun riga sun tafi, wakilan Afirka da dama kuma ba su sami biza ba. Taron ya cire dokar 1984 da maganar 1972. Ya kuma ce ba za a hukunta fasto domin ya ɗaura auren jinsi ɗaya ba, ba za a kuma hukunta shi domin ya ƙi ɗaurawa ba.

MENE NE TSARIN YANKUNA?

Babban gyaran da aka kawo ga tsarin mulki shi ne wanda ake kira tsarin yankuna. Taron Shalot ya amince da shi da ƙuri'a 586, waɗanda suka ƙi 164. Amma tsarin mulki ba ya sākuwa da ƙuri'ar Babban Taro kaɗai. Sai an kai shi kowane Taron Shekara a duniya, a tara ƙuri'u duka, a sami kashi biyu cikin uku. A watan Nuwamba 2025 Majalisar Bishop-bishop ta sanar cewa mutum 34,148 sun yarda, 3,124 sun ƙi. Gyaran ya zama doka.

Ga ma'anarsa a sauƙaƙe. Kowane Taron Tsakiya ya zama Taron Yanki, Amurka ma ta zama yanki ɗaya kamar sauran. Yankuna 9 ke nan: 4 a Afirka, 3 a Turai, 1 a Filifin, 1 a Amurka. Akwai abin da babu yankin da zai taɓa shi kaɗai, kamar tsarin mulki da ka'idodin bangaskiya. Akwai kuma abin da kowane yanki zai tsara wa kansa bisa ga dokar ƙasarsa, kamar sharuɗan naɗa fasto, da tsarin ɗaurin aure, da littafin waƙoƙi da na sujada, da kotunan ikkilisiya. Misalinsa kamar babban gida ne mai zaure ɗaya, kowane sashe da tukunyarsa.

HUJJAR KOWANE ƁANGARE

Bari in kawo maganar kowa yadda shi da kansa zai so a faɗe ta.

Waɗanda suka zauna cikin UMC suna cewa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yanzu babu wanda zai tilasta wa Afirka ta sāke koyarwarta a kan aure. Bishop-bishop na UMC a Afirka sun sha faɗa a fili cewa a wurinsu aure na namiji da mace ne, dokar Nijeriya ta 2014 ma ta haramta auren jinsi ɗaya. Suna cewa gidan nan iyayenmu ne suka gina shi da guminsu, don me za mu gudu mu bar shi saboda abin da wani yake yi a ƙetaren teku? In mun fita, wa zai riƙe shaidar gaskiya a cikin taro?

Waɗanda suka koma GMC suna cewa, abin da yake zunubi a Jalingo ba zai zama halal a Amurka ba. Littafin waƙoƙi yana iya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma aure da tsarkin mai hidima koyarwa ce. Bishop na UMC kuwa bishop ne na ɗarikar duka, majalisa ɗaya suke zama, suna ɗaya suke amsawa. Suna kuma tambaya, don me ba a kawo tsarin yankuna ba sai da ƙuri'ar Afirka ta fara rinjaye? Cikin nasu tsarin sun soke dokar riƙon amana, kowace majami'a ta mallaki gininta, sun kuma yanka wa bishop wa'adi.

Kun ga, kowanne yana da tambayar da ɗayan bai gama amsawa ba. Mai zama sai ya faɗa mana iyakar abin da za a bar wa yanki. Mai fita kuma sai ya faɗa mana abin da zai riƙe majami'a ranar da ta yi fushi da sabon gidan.

ABIN DA YA FARU A ƘASARMU

A ƙarshen Mayu 2024 Metodis na Kwaddibuwa suka jefa ƙuri'ar fita daga UMC. A watan Yuli na shekarar, Bishop John Wesley Yohanna, wanda yake shugabancin UMC a Nijeriya tun 2012, ya bar ta ya shiga GMC tare da shugabanni da jama'a masu yawa. Ɓangarensa ya ce tarurrukan shekara huɗu na ƙasar ne suka yanke shawarar. Waɗanda suka zauna suka ce ba a bi hanyar da littafin dokoki ya shimfiɗa ba. A watan Disamba 2024 Taron Tsakiya na Afirka ta Yamma ya zauna a Gana, ya zaɓi Rabaran Ande Emmanuel ya zama bishop na UMC a Nijeriya. Batun suna da rajista da gine-gine kuwa aka kai shi gaban kotu.

Gaskiya ita ce bangon ya riga ya tsage tun kafin 2024, gama tun zaɓen 2012 akwai waɗanda ba su gamsu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A tsakiyar Disamba 2024, a Munga Dosa cikin Ƙaramar Hukumar Karim Lamido, aka yi tashin hankali, aka ƙone gidaje, rai uku suka salwanta, saurayi ɗaya da ƙananan yara biyu. Waɗansu sun ce rikicin ikkilisiya ne, waɗansu sun ce tsohuwar gardamar gona ce ta farka. Ko wanne ne, yaran nan ba su san UMC ba, ba su san GMC ba. A Fabrairu 2025 kuma aka yi arangama a makarantar tauhidi ta Banyam a Bambur, wurin da aka horar da fastocin ɓangarorin biyu. 'Yan'uwa, wannan abin kuka ne ga dukan mai kiran sunan Almasihu.

ME MAGANAR ALLAH TA KOYA MANA?

Cikin Ayyukan Manzanni sura 15, waɗansu suka zo Antakiya daga Yahudiya suna koyar da cewa sai an yi wa al'ummai kaciya kafin su sami ceto. Bulus da Barnaba suka yi gardama da su ƙwarai. Ikkilisiya ba ta ɓoye maganar ba, ta aike su Urushalima wurin manzanni da dattawa. Aka bar kowa ya yi magana, har da masu bi daga cikin Farisiyawa. Bitrus ya ba da shaidar abin da Allah ya yi, Bulus da Barnaba suka ba da tasu, Yakubu ya auna duka da maganar annabawa. Sa'an nan aka rubuta wasiƙa, aka kuma aiki Yahuza da Sila su bayyana ta baki da baki, domin kada jita-jita ta riga gaskiya isa.

Abin lura shi ne ɓangarorin Metodis biyu duk suna iya buɗe surar nan. Mai son tsarin yankuna zai ce, ai ba a ɗora wa al'ummai al'adar Yahudawa ba. Mai ƙinsa zai ce, ai cikin abu huɗu da aka ɗaure kowa da su har da guje wa fasikanci. Dukansu sun karanta daidai. Surar tana koya mana akwai abin da ake sakin wa kowace ƙasa, akwai kuma abin da ya ɗaure kowa. Aikin taron ikkilisiya shi ne ya rarrabe su da Maganar Allah, da addu'a, da sauraron juna. Sāke tsari kuwa ba zunubi ba ne a kan kansa. Musa ya karɓi shawarar surukinsa Yetro ya naɗa shugabanni. Manzanni suka sa aka zaɓi mutum bakwai sa'ad da aka yi gunaguni a kan rabon abincin gwauraye.

Surar kuma ba ta ƙare ba sai da Bulus da Barnaba suka rabu a kan Yahaya Markus. Barnaba ya nufi Kubrus, Bulus ya bi ta Suriya da Kilikiya. Ba mu karanta cewa ɗaya ya ɓata sunan ɗaya ba. Daga baya Bulus ya ambaci Barnaba da girmamawa, a ƙarshen ransa kuma ya roƙi Timoti ya zo masa da Markus, gama yana da amfani a gare shi. Haka kuma cikin Farawa 13, da makiyayan Ibrahim da na Lutu suka yi faɗa, Ibrahim, wanda shi ne babba, ya tuna wa Lutu cewa su 'yan'uwa ne, ya bar shi ya fara zaɓen ƙasa. Marubucin ya ambata cewa Kan'aniyawa suna zaune a ƙasar a lokacin. Maƙwabta suna kallo. Mu ma namu maƙwabtan suna kallo. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa kai ɗan'uwa ƙara a gaban marasa bi hasara ce tun kafin a yanke shari'a.

TO, ME ZA MU YI?

Na ɗaya, ka san tsarin mulkin ikkilisiyarka. Dattawa da yawa ba su taɓa buɗe shi ba sai ranar faɗa. A karanta shi lokacin salama, a fassara shi cikin harshen da jama'a suke ji.

Na biyu, ku zaɓi wakilan taro saboda tsoron Allah da hankali, kada a bi kabila ko aljihu. In sun dawo, su tsaya gaban jama'a su faɗi abin da aka yanke da yadda suka jefa ƙuri'a.

Na uku, a rubuta batun fili da gini sarai, a ajiye takardu, kowa ya san sunan wa suke ɗauke da shi. Mu kuma koyi ɗaukar nauyin aikinmu da baikonmu da zakkarmu, gama mai ci daga hannun wani da wuya ya ce masa a'a.

Na huɗu, kowa ya binciki zuciyarsa. Wannan da nake kira kishin gaskiya, ba kishin kujera ba ne? Ka kuma tsare harshenka da yatsanka. Kafin ka tura saƙo a WhatsApp a kan wani bawan Allah, ka tabbata gaskiya ne. Kada ka laƙa wa ɗan'uwanka sunan abin da bai gaskata ba.

Na biyar, idan rabuwa ta zama tilas, a bar ƙofa a buɗe. Ku je jana'izar juna, ku je bikin juna. Muna da misali a ƙasar nan. Ikkilisiyar Metodis ta Nijeriya, wadda tushenta daga Ingila yake, dabam take da UMC, ta tsage biyu bayan sabon tsarin mulki na 1976 da ya kawo bishop-bishop da muƙamin Fatriyak. Shekara 14 suna rabe. A 1990 suka zauna, kowane ɓangare ya sassauta, suka gyara tsarin, suka koma gida ɗaya. Allahn da ya yi wannan yana nan.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, ikkilisiya taka ce, da jinin Ɗanka ka saye ta. Ka gafarta mana inda muka sa sunan ɗarika gaba da sunanka. Ka ta'azantar da iyalan da suka yi rashi a Munga Dosa. Ka ba shugabannin UMC da na GMC hikima da tawali'u, ka ba alƙalai adalci. Ka koya mana mu riƙe gaskiya ba tare da mun saki ƙauna ba. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mun sāke saduwa, alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.